Ceɗiyar Ɗan Nyamaizi

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Hoima kafin zancen haƙar man fetur ya taso ya san Nyamaizi, ko da yake mu Abwooli muke ce mata, sunanta na girmamawa. Ayaba take gasawa a bakin hanya. Baki gare ta kamar reza, amma yaro bai taɓa wuce ta da yunwa ba.

Gidan da take ciki ba nata ba ne. Marigayi mijinta ya ƙulla 'yan'uwantaka da mai filin, tsoho Kyamanywa, irin ta mutanen da: aka raba ƙwayar kofi gida biyu, kowa ya shafa wa rabi jininsa, ɗayan ya haɗiye. Daga ranar ba haya, ba takarda. Wa ke neman takarda wurin ɗan'uwansa? Da ta haifi ɗanta tilo, Tinka, Kyamanywa da hannunsa ya dasa ceɗiyar suna a tsakar gidan, yadda ake yi wa ɗa namiji.

Tinka ya girma ya tafi kamun kifi a tafki. Iska ta kifar da kwalekwalensu, gawarsa ma ba a gani ba. Ba kabari, sai ceɗiyar nan. Ita ce Abwooli ke share wa gindi kowace safiya, tana yi mata faɗa don ta zubar da ganye, kamar yadda take yi wa mai ita.

Sai mai ya zo. Mu dai ba mu ga ko ɗigonsa ba, baƙi muka gani da manyan motoci, kowa na neman wurin kwana. Masu gidaje suka haukace. Ɗakin girki ya zama ɗakin haya, aka kori awaki aka yi wa ɗakinsu fenti. Filin da a da ko kyauta ba a so, ya zama sai wane da wane. Ni kaina sau uku ina tashi, kullum ina ƙara nisa da gari.

Lokacin Kyamanywa ya riga ya rasu, sai ɗansa Baguma, wanda Abwooli ta goya. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

"Apuuli, wannan ladabi haka, me ka ɓata?" in ji ta, tana kiran sa da nasa sunan girmamawa.

"Mama, ni dai ba zan tashe ki ba, jinin Baba ba zai bar ni ba."

"To, wa ya ce ka tashe ni?"

"Filin ne na sayar. Otal za su gina."

"Da ni a ciki ka sayar, ko an cire kuɗina?"

Bai ɗago kai ba. Wanda ya saya kuwa bai haɗiyi kofin kowa ba.

Ba ta roƙi ɗaki ba. Ranar da masu zarto suka zo sare ceɗiyar, cewa kawai ta yi su sare mata reshe ɗaya miƙaƙƙe, don ceɗiya ko sanda ka kafa sai ta kama. Ta kama ɗaki a bayan wani shago, ko'ina siminti, ta fara yawo da reshen a kafaɗa tana neman inda za ta kafa shi.

A nan ne abin ya fi ci mini rai. Wurin taku ɗaya take nema, amma kowa ya san itacen suna shaida ne, inda yake tsaye masu shi na da magana a filin. A da wannan ba ya damun kowa. Yanzu fa?

"Abwooli, ki yi haƙuri, yara ne ba za su yarda ba," in ji Akiiki, ƙawarta ta ƙuruciya.

"Itace ne, Akiiki, ba bene zan gina ba."

"Na sani. Gobe fa in mai saye ya zo ya tambaya na wane ne?"

Har coci ta je, aka ce sai kwamiti ya zauna. Ta tsoma gindin reshen a bokiti, ya fitar da 'yan ganye, ta yi ta nuna wa mutane. Damina ta wuce kwamiti bai zauna ba, ganyen suka kaɗe.

Na gamu da ita kwanan baya a hanyar kasuwa, ta rame, tana dogara reshen. Ya bushe ƙayau, hannunta har ya goge masa kai. Na ce ta kawo in riƙe mata ta hau babur.

"Bar shi," ta ce. "Da Tinka ya rayu ma ai aikinsa ke nan, ya kai ni kasuwa ya maido ni."