Benen Labbo da Gawon Damina

Labbo mai fenti bai taɓa hawa bene ba, amma a Sabon Birni babu wanda ya kai shi gina su, da buroshi. Ɗan Gangara ne da ya guje wa fartanya tun yana saurayi, ya kama zanen kawuna a bangon shagunan aski da zakuna a bayan motocin da ke zuwa Maraɗi. Zakunan nasa kuwa, Allah na tuba, sun fi kama da tunkiya mai mura. Gari ya daɗe yana masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata shekara, gab da babbar salla, Anas mai ɗaukar hoto ya ba shi aikin labulen da mutane ke tsayawa a gabansa. Labbo ya taɓa ganin wani gini a Sakkwato, gilashi tun daga ƙasa har sama, kuma abin bai bar ransa ba. Shi ya zana. A gefensa ya sa gonar gero kore shar, a gabansa kuma ya tsayar da gawo tsirara, babu ganye ko ɗaya, rassansa na bayyana a cikin gilashin. A ganinsa bene baƙo ne, gawo ne ɗan gari.

Anas ya ɓata rai ya ce a sa wa itacen ganye, kada ya kori masu ciniki.

"Gero ya yi kore, damana ta ke nan," in ji Labbo. "Wa yat taɓa ganin gawo da ganye ga damana?"

Gaskiyarsa ce. Gawo in ruwa ya sauka yake zubar da ganye, sai rani ya yi sabo. Anas ya ƙyale shi. Kuma a karo na farko a rayuwarsa, hannun Labbo ya yi masa biyayya. Labulen ya yi kyau, kyau mai ban haushi. In ka kalle shi a fuskar ƙaramar waya, sai ka rantse da ƙafarka za ka shiga.

Faruk ƙanen Labbo, wanda ya riƙe gonar ubansu a Gangara, ya zo yawon salla. Ya ari babbar riga da hula, ya dafa ƙugu a gaban benen yayansa kamar shi ya gina, aka ɗauke shi hoto. Ya sa hoton a fuskar wayarsa yana nuna wa kowa.

Bayan girbi ya ɗauki wake zai kai kasuwar Isa, 'yan bindiga suka tare motarsu. Suka bi wayoyin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, yadda suka saba, don su ware mai maiƙo. Da suka ga hoton benen, suka saki sauran, suka shiga daji da Faruk.

Labbo suka kira. Abin da suka nema, ko an sayar da Gangara da jakunanta ba zai kai ba. Labbo ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe cewa ƙyalle ne, fenti ne, shi ya zana da hannunsa. Ya naɗe labulen rabi ya ɗauki hoto ya aika. Suka ce ai daga baya ya kwaikwayi gidan don ya rufe su. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa ana raina aikinsa ya koma roƙon a yarda aikin nasa ƙarya ne. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan cin rai ba.

Babban 'yan bindigar, wanda a kiwo ya tashi, shi ya yanke magana.

"Kai, dakata. Mun san zane. Mai zane ganye shika sa ma icce don shi yi kyawo. Wanga gawo ba shi da ganye, ga gero kore. Wanda yas san haka Allah na, sai ko na'ura. Gidanai na, ku kawo abin da munka ce."

Aka sayar da gonar, da shanun noma, da keken ɗinkin Saude matar Faruk. Suka karɓa, suka ce somin-taɓi ne daga mai bene. A bakin kasuwa kuwa mutanenmu, masu bakin reza, har sun fara cewa Labbo ya gina wa ƙanensa gida ya sa shi ya tare a daji. Uwarsu Habi ta daina amsa gaisuwarsa.

Ana cikin sanyi masu itace suka tsinci gawar Faruk a wani kwazazzabo kusa da Gatawa. Da ƙyar aka gane shi.

Ranar addu'ar uku, Labbo na zaune a tabarma cikin masu ta'aziyya, wayarsa ta yi ƙara. Muryar nan ce dai. Na kusa da shi duk sun ji.

"Mun tambaya, an ce da gaske kai kaz zana. Ashe yaron bai yi ƙarya ba." Ya yi 'yar dariya. "Wallahi ka iya. Za ni aiko maka da hotona, ka yi man irinai."