Kada ki matso, tari nake

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da ƙanwata, bayan an aiko mini cewa Iya ta unguwar Sabo a Ibadan ba ta da lafiya. Kuɗin mota ya ninka na lokacin da nake ɗaliba, amma ramukan hanyar Mokwa suna nan yadda na bar su, sai ma ƙanne da suka samu. A Jebba muka sayi soyayyen kifi, ƙanwata ta ci nata ta haɗa da rabin nawa, wai ta ga hankalina ba ya kai. Gaskiya ta faɗa. Tsoron da nake shi ne mu isa a ce an yi jana'iza.

Iya ba jinina ba ce. Shekarar korona ina karatu a jami'a a Ibadan aka rufe makarantu, aka rufe hanyar Arewa. Kwatsam labari ya bazu wai Hausawa ne ke shigo da cutar a manyan motocin kaya. Gidan hayarmu na ɗalibai ni kaɗai ce Bahaushiya. Waɗanda muke cin amala a kwano ɗaya suka ware mini bokiti, in na taɓa famfo sai an wanke. Na koyi haɗiye tari har idona ya yi ja, barci ya ƙaurace mini. Ran da tarin ya kuɓuce mini sau ɗaya tak, aka ce in nemi wani wuri. Wata Bayarabiya a cikinsu ce ta ɗauki jakata tana kuka, ta raka ni Sabo, unguwar Hausawa, ta ba da ni ga wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, wato Iya.

Tsohuwar ba ta tambayi garinmu ba. Ta lura ina toshe baki ina maƙe murya, ta ce, “Yi tarinki, 'yar nan. Nan gida ne.” Na yi tari, na yi kuka, ta miƙo mini koko.

Washegarin tasowarmu daga Kaduna, da hantsi muka sauka Mokola a Ibadan, muka hau keke zuwa Sabo. Ƙamshin tsire da kiran “canji, canji” suka tarbe ni. Samari suna fara magana da Hausa, su ƙarasa da Yarabanci, ƙanwata ta saki baki. Kaskon ƙosan na nan ƙofar gida, jikar Iya ce a kai yanzu.

Na tarar da Iya kwance, ta rame ƙwarai, amma da ranta. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

“Kada ki matso, tari nake.”

“Iya, ai nan gida ne,” na ce, na haye tabarmar na zauna jikinta.

Ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta. Kwano ɗaya muka sha koko, tana mitar jikarta ba ta iya sa kanwa ba.

Kwana biyu muka yi, na biya kasuwar Bodija na saya wa mutanen gida manja, muka juyo. Mun iso Kaduna lafiya, alhamdu lillahi. Abin da na dawo da shi kuwa, cuta takan wuce, amma mutum ba ya manta wanda ya ja baya da wanda ya matso. Ina kewar Iya tun kafin in sauke jaka.