Neman Ruwan Sanyi da Tukunyar Iska, Daga Abuja Zuwa Bukuru

Abuja

Muna sallame sallar asuba na tayar da mota daga gidanmu na Kubwa, 'yata Hauwa'u a gefena, tukunyar ƙarfe mai kama da ta gas tana gungurawa a but. Ni mai shagon atamfa ne a kasuwar Wuse, kuma ban iya iyo ba ko kaɗan. Ita kuwa Hauwa'u, wadda nake kira Mamana don sunan mahaifiyata ta ci, ta koyo nutso a Legas lokacin bautar ƙasa, irin wanda ake goya tukunyar iska a shige ƙarƙashin ruwa. Yanzu wata jami'a a Norway, ƙasar sanyi da ƙanƙara, ta ba ta gurbin karatun halittun teku.

Gaskiya ba na son ta tafi. Yarinyar da ke jawo bargo da an yi yayyafi? Sai na kafa sharaɗi: ta shiga ruwa mai sanyin gaske a gabana, in ta jure na yarda, in ta kasa a bar maganar. Na ɗauka babu irin wannan ruwa a ƙasar nan. Ashe ta san da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Filato.

Kafin tafiyar mun gama Abuja neman shagon kayan nutso da zai cika mana tukunya, ba mu samu ba. Mai gas ya kore mu, mai walda ya ce tasa ta yanka ƙarfe ce. Wani mai faci a Nyanya kuwa ya jawo tiyo yana cewa, "Oga, iska ai iska ne, kawo in buga mata." Hauwa'u ta ce ta taya gauraye take da mai, ba ta shaƙuwa. A ƙarshe wata ƙawarta ta ba mu lambar wata mata a Bukuru.

Uke

Rana na fitowa muka iso shingen 'yan sanda a Uke. Ɗayansu ya sa na buɗe but, ya ja da baya.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Tukunyar iska ce."

"Iska? Ni za ka yi wa iskanci da sassafe?"

Hauwa'u ce ta sauko ta nuna masa hotunanta cikin ruwa a waya. Ya kalli hoton, ya kalle ta, ya kira abokan aikinsa su zo su ga mace mai zama da kifi. Har addu'a suka yi mana.

Akwanga

Nan muka karya da soyayyar doya da ƙwai, muka sayi ayaba da gyaɗa. Daga Hawan Kibo sanyi ya fara shigowa ta taga, na ga ta naɗe hannu cikin mayafi. Raina ya yi fari ƙal. Na ce, "Mamana, in juya ne tun ba mu yi nisa ba?" Ta ce, "Abba, kai dai kalli hanya."

Bukuru

Shagon da muka sha wahalar nema ɗan ƙarami ne, a bayan masu sayar da dankalin Turawa. Mai shi, Madam Chundung, ta yi shekaru tana aikin nutso a Fatakwal kafin ta dawo gida. Ta duba tukunyar ciki da bai, ta ɗaura ta a inji yana ta ƙugi, sannan ta fito da rigar roba mai kauri har da hula da safar hannu. Da Hauwa'u ta saka, ba abin da ke waje sai ido da hanci.

"Baba, kar ka ji tsoro," in ji Madam. "Ba za ta shiga ita kaɗai ba, tare za mu sauka. Ruwa na sama yana da sanyi, amma na ƙasa shi ne oga."

Bayan azahar muka isa kududdufin. Ruwa kore shar, shiru, jar gaɓa ta kewaye shi. Na tsoma yatsa, na cire ba shiri. Kai! Kamar an fito da shi daga firij. Na ce a raina, shi ke nan, na ci.

Suka shiga a hankali, suka yi wa juna alama da hannu, ruwa ya rufe su. Ba abin da ya rage sai kumfa tana tasowa. A nan ne dabarata ta juya mini. Ni da na zo don ta kasa, sai ga ni tsugune a bakin ruwa, carbi a hannu, ina roƙon Allah Ya ba ta juriya, ta yi abinta lafiya ta fito. Duk kumfar da ta fashe ina jin ta a ƙirjina.

Can sai kai biyu suka ɓullo. Ta tuge bututun shaƙar iska daga bakinta, leɓe ya yi fari, haƙora na haɗuwa, amma dariya take yi.

"Abba! Akwai tsohon injin haƙa a ƙasa, kifi sun mai da shi gida! Bari mu huta mu koma!"

Koma! Ban san lokacin da na shiga ruwan nan har gwiwa ba, da babbar rigata da takalmi. Madam tana ta ihu, "Baba, fita, kai ba ka da riga!" Ƙarshenta ni aka naɗe da tawul, ni aka ba shayi a filas, su biyu suna yi mini dariya. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba.

Komawa

Mun kwana a wani masauki a Jos, na yi ta atishawa, ita ko tari ba ta yi ba. Washegari muka biya muka yi wa Madam Chundung sallama, Allah Ya saka mata da alheri, muka kamo hanya. Ta yi barci tun daga Riyom, ni kuma ina tuƙi ina satar kallonta, ina murna, idona na cika da ƙwalla.

Da la'asar muka shigo Kubwa lafiya, alhamdu lillahi. Mahaifiyarta na tsaye a ƙofa, ta dube ni ba ta dubi 'yar ba.

"Alhaji, yaya aka ƙare?"

Na ce, "Hajiya, ki fara soya mata dambun nama. Ki yi da yawa, wurin da nisa."