Kofunan Falwaya Sun Kusa Ja Mini Ajali a Hanyar Gashua

Assalamu alaikum Malam Edita, da sauran masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da ya sami wasu, yau na ga ya dace ni ma in buɗe cikina, sai dai ina roƙon a sakaya sunana.

A shekarun da nake magana a kai, wato daga tsakiyar shekarun casa'in zuwa farkon dubu biyu, ni matashin magidanci ne a Nguru, da matata da 'ya'ya ƙanana. Sana'ata gyaran rediyo da agogo, ina da ɗan shago a bakin kasuwa. Kakanninmu fataken fata ne daga Hadejia, jirgin ƙasa ya jawo su garin suka zauna. Ba na shan taba, ba na bin ƙwallo, zaman majalisa ma bai dame ni ba. Abu ɗaya ne ya shiga raina, shi ne tara kofunan falwaya. Ga wanda bai san su ba, idan ka bi layin dogo ka dubi tsofaffin turakun wayar tangarahu, za ka ga wasu abubuwa a samansu kamar kofin shayi da aka kife, a wuyansu ake ɗaure waya don kada ta taɓa ƙarfe. Wasu na tangaran ne, farare, wasu na kwalba. Na kwalbar su ne suka tafi da hankalina.

Tun ina yaro kakata tana da guda ɗaya kore, da shi take danne bakin tabarma idan iska ta taso. Nakan ɗauka in kara a ido, in ga gidanmu gaba ɗaya ya koma kore, har awaki. Bayan na girma, wata rana ina tafiya a gefen layin dogo na yi tuntuɓe da irinsa, rabinsa a cikin yashi. Na kawo gida na wanke da toka da lemun tsami, na ɗaga shi a rana, na ga 'yan ƙwayoyin iska a daskare a cikin kwalbar tun ranar da aka narka ta, ga rubutun maƙera a gindinsa. Daga nan na kamu. Duk ranar da ba kasuwa sai in hau babur in bi layi ina duba turakun da suka faɗi. Na samu kore, na samu ruwan zuma, na samu waɗanda rana ta dafa har suka yi shunayya-shunayya. Na kafa katakai a ɗakin ƙofar gida na jera su. Ban taɓa hawa turken da ke tsaye ba, ban taɓa ɗaukar waya ko tsawon yatsa ba. Amma gaskiya ban taɓa neman izinin kowa ba, don a ganina abin da ya faɗi a daji aka manta da shi ba shi da mai shi.

Wata rana wani direba mai ɗauko tattasai daga Gashua ya kawo mini gyaran rediyon motarsa. Ya ga guda ɗaya a kan teburina, ya ce ai ya san inda irinsu suke. Ya kwatanta mini wani ƙauye a kan hanyar Gashua, ya ce a bayansa akwai turakun tsohuwar waya kwance a cikin kaba, kuma kofunansu shuɗaye ne kamar an tsoma su a marina. Ni kuwa ban taɓa mallakar shuɗi ba. Daga ranar na kasa sukuni. Da bazara ta yi tsakiya, wata safiya na ɗauki buhu, da filaya, da sifana, da zarton ƙarfe don yanke ƙusoshin da suka yi tsatsa, na ɗaure a bayan babur. Na ce wa maiɗakina Gashua zan tafi sayen kayan gyara, don na san idan na faɗi gaskiya sai mun yi cacar baki.

Da na isa ƙauyen ban shiga na gaida kowa ba. Na ratse ta gefen gonaki na wuce, ina ganin aikin ba zai ɗauke ni wani lokaci ba. Abin da ban sani ba shi ne, mutanen wannan ƙauye sun yi shekaru suna neman a kawo musu wutar lantarki, sai dab da wannan lokaci Allah ya yi. Da ita injin rijiyar burtsatsensu yake aiki, da ita ake casar shinkafa. Ba a daɗe ba ɓarayi suka zo suka yanke wayoyin suka yi gaba da su. Ruwa ya tsaya, mata suka koma ɗauko shi daga nesa a cikin wannan zafi, samari kuma suka yi rantsuwa cewa duk wanda suka kama ba zai kai gaban hukuma ba.

Na tarar da turakun yadda direba ya faɗa, kuma shuɗayen ne. Na durƙusa ina yanka da zarto, raina fes, ina ta murmushi ni kaɗai. Na hango wata mata mai yankan kaba ta tsaya tana kallona, na ɗaga mata hannu, sai ta yar da ɗaurin kabar ta ruga. Ko a lokacin ban fahimci komai ba. Na ci gaba da aikina har na sa uku ko huɗu a buhu, sai na ji ihu yana tahowa ta bayana.

Malam Edita, ba zan iya kwatanta abin da ya biyo baya dalla-dalla ba, don ban ga yawancinsa ba. Na dai san na miƙe zan yi sallama, sanda ta sauka a kunnena na hagu, na faɗi. Ana magana da Badanci da Barbarci a cakuɗe, abin da nake iya tsinta kawai shi ne ɓarawo da waya. Wani ya zazzage buhuna, da aka ga filaya da zarto sai ihun ya ƙaru. Wani ƙaƙƙarfan mutum, wanda daga baya na gane shi ne mai injin casar shinkafa, ya take mini ƙirji yana tambayata da Hausa inda na ɓoye wayar da sauran abokan satata. Ina buɗe baki ana dukana, ba wanda ke jiran amsa. Da na ji wani ya ce a zuƙo fetur daga tankin babur ɗina, sai na fid da rai na fara kalmar shahada.

Allah ya kawo limamin garin. Tsoho ne ɗan siriri, ya fito ne zai tafi masallaci don azahar ya ji hayaniya. Ya kutsa cikin taron, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ni da ita, ya zauna a ƙasa a gefena. Ban ji abin da ya fara faɗa da yarensu ba, amma ya maimaita da Hausa don ni ma in ji. Ya ce duk mai son ya ƙara dukan wannan bawan Allah sai ya fara da shi, kuma ko ɓarawo ne, akwai Bulama a garin nan, akwai hukuma a Gashua. Aka yi ta gunaguni, amma ba wanda ya iya ɗaga sanda a kan rigar liman. Haka aka ja ni zuwa zauren Bulama, wato mai garin.

Bulama ya sa aka jera kayana a gabansa. Ya tambayi sunana da garinmu da sana'ata, na faɗa. Ya ɗauki kofi ɗaya ya jujjuya, ya tambaye ni wa nake sayar wa. Na ce ba na sayarwa. Ya tambaya ko magani ake haɗawa da su, na ce a'a.

Ya ce, "To me kake yi da su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kallo nake yi."

Zauren ya ɗauki wata irin dariya mai ɗaci. Mai injin ya miƙe ya ce an ji ko, har raina musu hankali nake yi, wane magidanci ne zai baro Nguru a cikin wannan rana da zarto don ya kalli kwalba. Ni kaina da na ji amsar ta fito daga bakina na san ba ta da kan gado, amma ba ni da wata. Bulama ya ƙare mini kallo. Can ya ce, maƙaryaci yakan nemo ƙaryar da ta fi wannan kyau. Ya yanke cewa ƙaninsa zai tafi Nguru ya ga gidana da idonsa, kuma mai injin zai bi shi, tunda shi ya fi kowa zafi. Idan suka tarar da waya ko guntu ne, za a miƙa ni ga 'yan sanda. Kafin su dawo kuma ina cikin amanarsa.

Wannan yammacin shi ne mafi tsawo a rayuwata. Liman ya sa aka kawo ruwa na wanke jinin fuskata, na yi alwala, na yi salla a zaune saboda haƙarƙarina. Daga cikin gida aka aiko da kunu, na kasa sha. A waje samari ba su watse ba, ina jin muryoyinsu ta bayan katanga. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar da na yi wa matata. Na riƙa tunanin idan aka tambaye ta ina mijinta, za ta ce ya tafi Gashua sayen kayan gyara, su kuma su ce ga shi nan, ko iyalinsa yaudara yake yi.

Ana shirin kiran magariba suka dawo, tare da yayana da mai unguwarmu. Ƙanin Bulama ne ya ba da labari a gaban kowa. Ya ce sun binciki gidan har rumbu da bayan ɗaki, ba su ga waya ba sai 'yar siririya ta gyaran rediyo. Ya ce an buɗe musu wani ɗaki, suka ga kofuna a jere daga ƙasa har sama, kowanne a wanke yana ƙyalli, ba ko ƙura. Maƙwabta suka taru, kowa ya tabbatar cewa shekara da shekaru ana yi mini dariya a unguwa a kan wannan abu. Sa'annan ya isar da saƙon matata, wanda ta faɗa musu daga bayan ƙofa tana kuka. Ta ce lallai mijinta ya yi mata ƙarya da safe, kuma ta gaji da waɗannan kwalabe da suka cinye mata ɗaki guda, su kawo amalanke su kwashe su duka, amma mijinta bai taɓa shigo mata da abin wani ba, su dawo mata da shi.

Mai injin ya sunkuyar da kansa ƙasa. Bulama ya fita ya yi wa jama'a bayani, na ji hayaniyar tana raguwa har ta mutu. Da ya dawo ya ba ni haƙuri a madadin garinsa, sa'annan ya yi mini faɗa irin na uba. Ya ce baƙo yakan fara da ƙofar mai gari, da na tsaya na yi sallama da an faɗa mini halin da ake ciki. Ya ce shuɗayen kofunan kuma in bar su a nan, domin kayan gwamnati ne, ba nawa ba ne, ba nasa ba ne da zai ba ni. Wallahi ko waiwayarsu ban yi ba. Da motar da yayana ya ɗauko ta hau titi, na ga fitilun masu shayi a bakin hanya, sai kuka ya ƙwace mini, ina ta alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa.

Na yi makonni a kwance, mai ɗori yana zuwa gida. Kunnena na hagu har yau bai dawo daidai ba. Ina cikin jinya mai injin ya zo da bandar kifi da shinkafa, ya zauna a bakin tabarmata ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce tun ranar ba ya samun barci, yana tuna cewa saura kaɗan ya ɗauki ran mutum a kan kwalba. Na ce na yafe masa duniya da lahira, na kuma ce da ni ne aka yanke wa ruwa a bazara, ban san abin da zan aikata ba. Matata ma na nemi gafararta, ta yafe, ko da yake ta daɗe tana yi mini gori. Ban sake zuwa wajen wani turke ba. Waɗanda na tara suna nan, na rage su zuwa katako biyu, ɗakin ya koma na baƙi. Ɓarayin waya kuwa, har yau ban ji an kama su ba.

Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da na tuna sai in ƙara gode wa Allah da ya bar ni na ga auren 'ya'yana. Abin da na koya shi ne, tsarkin zuciyarka kai kaɗai ka san shi, mutane hannunka suke gani da abin da ke cikinsa. Ga masu sha'awar tara tsofaffin kaya irina, ina roƙonku kada ku taɓa abin hukuma ko da ya shekara hamsin a yashe, ku nemi izini, ku shiga gari ta ƙofarsa, kuma ku faɗa wa iyalinku gaskiyar inda za ku. Ga 'yan'uwana kuma da ke rugawa da sanda da zarar an yi ihun ɓarawo, ku ji tsoron Allah ku tsaya a tambayi mutum. Ko amsarsa ta yi kama da ta mahaukaci, a tura wani ya je ya duba kafin a zuƙo fetur. Ba kowane gari ne limaminsa zai fito a kan lokaci ba.

Wassalam. Naku, wani mai karatu daga Nguru.