Bitar da Malam Bai Yi Magana a Cikinta Ba

Shekarar da taron masana tsaron kwamfuta ya zo Kaduna, ni ce ƙarama a sashenmu, ban daɗe da fara koyarwa ba. Malam, wanda ya duba aikin digirina na biyu, shi aka ɗora wa shirya ƙananan bitocin da ake yi a gefen babban taron. A babban zaure farfesoshi ke karanta maƙala, a ƙananan ɗakuna kuwa ake ɗaukar matsala guda a yi ta juya ta. Malam ya ce in kama masa.

Kwamiti bai yi gardama a kan bitar kutse cikin kwamfutocin asibiti ba. Wadda aka yi ta ja-in-ja a kanta ita ce wadda Malam ya fi ƙwallafa rai a kai: a yi guda da Hausa zalla, a kan damfara ta waya, a zaunar da 'yan kasuwa da direbobi tare da masu bincike. Wani farfesa ya ce taron ilimi ne, ba na wayar da kai ba. Malam ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa muna rubutu a kan ɓarawo, ba mu taɓa jin ta bakin wanda aka yi wa satar ba?" Mutum ne mai baki. In ya fara magana ko mai ƙinsa sai ya saurara. Aka bar masa.

Damina ce. Kullum bayan la'asar mukan shiga tsohuwar motarsa mu nufi Hayin Banki, shago-shago yana gayyata. Ni kunya nake ji, shi kuwa sai ya ja benci ya zauna gun tela kamar tare suka tashi. A hanyar komawa yakan yi ta gwada abin da zai faɗa, ni ina gyara masa, yana cewa, "Malama, Hausarki ta boko ce."

Saura 'yan kwanaki taron, ya dawo daga masallacin Juma'a ya faɗi a ƙofar gidansa a Kurmin Mashi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta ɗauki ɓarinsa na dama, ta ɗauki maganarsa. Da na je asibiti na tarar da matarsa, Hajiya, tana ba shi kunu da cokali. Na gaishe shi, na ce kada ya damu, sauran bitocin suna tafiya, ta Hausar kuma za mu ɗage sai ya warke. Sai ya ɗaga hannun hagu ya bugi ƙarfen gado, ya sake bugawa.

Hajiya ta ce, "To, kin ji amsarki, 'yar nan."

A wani otal a Mando aka yi taron. Ɗaki aka ba mu kusa da kicin, kuma lokacinmu ya ci karo da jawabin babban baƙo, don haka masu bincike ƙalilan suka leƙo. Amma mutanen Hayin Banki sun zo, kowa da wankakkiyar riga. Jirgin soja kan wuce ta sama, mu yi shiru sai ƙararsa ta lafa. Muna cikin haka aka turo ƙofa, sai ga Hajiya ta turo Malam a keken marasa lafiya, da farar riga, ta kafa masa hula daidai yadda yake sa ta. Kowa ya miƙe.

Wata mai sayar da atamfa ta ba da labarin yadda aka ƙwace layinta aka yi ta roƙon 'yan uwanta da sunanta. Sannan wani direban tifa, mutumin Zamfara, ya faɗi yadda aka kira shi aka ce ɗansa ya yi haɗari, har da muryar mai kuka a waya. Da ya gama bai dube ni ba. Ya juya wajen Malam.

"Malam, kai ka ce in zo. Ka ce za ka gaya mini abin da zan yi in sun sake kira."

Direban bai san ciwon ya kai haka ba. Malam ya buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Ya yunƙura ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Hajiya ta sunkuya ta share masa gefen baki da bakin mayafinta. Direban ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya zauna yana kallon ƙasa.

Ni na amsa. Na ce ya kashe wayar, ya kira ɗansa da kansa, kada ya bar kowa ya sa shi gaggawa. Kalmomin Malam ne, waɗanda na ji a mota. Ban iya duban inda yake ba.

Malam bai ƙara komawa aji ba. Kafin wata daminar ya rasu. Da shekara ta zagayo, taron ya koma wani gari, na nemi a sake bitar Hausa aka ce babu ɗaki, ni kuma ba ni da bakin da zan ja da su. An ba wani sabon malami ofishinsa, mutumin kirki ne. Amma har yau in zan je aji ta ɗaya matakalar nake bi, don kada in wuce ta ƙofar ofishin.