Ruwan Malam Gide

Malam Gide na Ruwan Godiya bai wuce aji huɗu ba, amma shekara tara yana kula da ɗakin gwajin kimiyya a wata sakandare a ƙasar Faskari, ba a taɓa kama awonsa da kuskure ba. Ɗan marina ne. Tun a bakin karofi ya san in ruwa ya ɓaci, komai ya ɓaci. Kwalba sai ya ɗauraye ta sau uku, gishirin da ya sha danshin damina kuwa ko sikeli ba ya hawa.

A shekarar saba'in da shida, da kuɗin mai suka sa kowane ɗan boko ya sayi mota, Gide ya kwashe kwana biyar yana turara ruwa, yana tara tururin ɗigo-ɗigo, har ya cika jarka domin jarrabawar ƙarshe ta ɗalibai arba'in. Ana gobe jarrabawa ya tafi jana'iza Daudawa. Shugaban makaranta, Alhaji Hadi, ya buɗe ɗakin, ya raba ruwan ga abokansa su zuba a batirin mota, ya sa aka cika jarkar daga rijiya. Rijiyar da kanwarta har a harshe ake ji.

Da safe abin da ya kamata ya fito garau ya yi fari kamar koko, lissafin kowa ya kauce. Gide ya ɗanɗana ruwan, ya ji kanwa. Ya je ya tarar da shugaba yana goge motarsa.

"Alhaji, mi ka yi mani da ruwana?"

"Kai Malam, ruwa ai ruwa ne."

Yara suka faɗi. Rahoto ya tafi sama cewa sakacin mai kula da ɗaki ne, aka sallami Gide. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaran sun tafi da zaton shi ya cuce su.

Ya haɗa tukunya da bututu a tashar Ƙanƙara, yana sayar da ruwan batir, direbobi har daga Sabuwa suna zuwa. Wata ranar kasuwa sai ga Alhaji Hadi, mota ta ƙi tashi, ya miƙo kwalba yana yaƙe. Gide ya karɓa, ya taka zuwa komin da ake shayar da jakuna, ya cika ta a gabansa, ya miƙa masa.

"Ga shi, Alhaji. Ruwa ai ruwa ne."