Tekun da Liatu Ta Ajiye wa Babanta

Shekara huɗu Liatu ta yi a Doha ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba, alhali daga gidanmu zuwa bakin teku bai kai minti ashirin a mota ba. Ni Nanret ɗaki ɗaya muka zauna da ita, aikin jinya muke yi a asibiti ɗaya, ni daga Pankshin, ita daga Garkida, saboda haka na san abin da nake faɗa. Duk ranar hutu sai ta ja ni Corniche, doguwar hanyar nan ta bakin ruwa inda ake yawon shan iska, ta tsaya tana kallon jiragen katako da ke zagayawa da mutane. Masu jirgin har sun san mu, sukan yi ta kiran mu da Larabci mu zo mu shiga. "Yalla, sista, yalla!" Sai ta girgiza kai ta ce mini, "Sai Baba ya zo." Na sha ce mata tekun ba ƙarewa zai yi don ta shiga sau ɗaya ba, amma Liatu akwai taurin kai.

Babanta, Malam Iliasu, shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare. Shi ya rene ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta ce yakan zana teku a allo da shuɗin alli, ya gaya wa yara ruwansa da gishiri kuma ba a hango ƙarshensa, shi kuwa bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Hawul ba. Ranar da ya raka ta tasha ya ce mata, "Ki gano mini shi." Ita kuma ta ɗauki alkawari a ranta, da idonsa zai gani.

Tana da wani jan littafi da take rubuta abin da za ta nuna masa. Jirgin katako da la'asar, lokacin da rana ke dukan dogayen benaye. Layin masu turare a kasuwar Souq Waqif. Shagon da ake sa wa shaho hula kamar ɗan makaranta. Shayin karak, amma a rage sukari. Machbus, shinkafar Larabawa da kifi, a wani lungu da ta ɗanɗana ta tabbatar ba yaji. Kowace Lahadi da yamma takan kira gida, ƙanenta Hananiya ya miƙa wa tsohon waya.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Lafiya lau, Liatu. Ke fa?"

"Lafiya lau. Ka ga hoton da na turo?"

"Na gani, ya yi kyau."

Bizar tsohon ta fito a watan Maris na 2020. Saura kwana tara ya taso aka rufe ƙasar saboda korona. Aka kwashe mu aka kai asibitin tanti kusa da Sanaiya, unguwar gareji da masaukin leburori, wadda aka killace gaba ɗaya. Abin da muka gani a can ba na son tunawa. Maza majiya ƙarfi, magina da makanikai, suna kwance jere suna neman numfashi. Mu muke riƙe musu waya su yi magana da matansu. Ba ma jin yarensu, amma muna ganin yadda mutum zai cire abin numfashi, ya yi murmushi, ya faɗi kalma biyu, ya mayar. Abin yana ƙona wa Liatu rai. "Me zai hana su faɗi gaskiya? Gobe sai matar ta ji labarin gawa!"

A watan Yuni ciwon ya kama ta. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance, biyu daga ciki na cire rai da ita. Da Lahadi ta zo, ta yi mini alama na kawo waya. Ta cire abin numfashi ta ce, "Lafiya lau, Baba, aiki ne ya yi yawa." Ni na riƙe wayar, ni na kashe ta, ban ce uffan ba, don haka ina da nawa kason laifin. Haka aka rene mu duka: na nesa ba a ɗaga masa hankali, na gida ma ba a aika masa abin da zai hana shi barci. Liatu ta warke, amma hancinta bai dawo ba. Ko tuwo ya ƙone a gabanta sai ta ga hayaƙi take sani.

Tun wajen ƙarshen shekarar tsohon ya daina yarda da kiran bidiyo. Wai sabis ba kyau a Garkida. Ya daina karanta nassi a coci, wai a bar wa matasa. Ya daina gyara mata rubutu a saƙonninta, mutumin da ba ya barin waƙafi ya wuce shi. Mu da ake biyan mu don mu gane alamar ciwo, muna zaune muna dariya wai Malam ya yi ritaya ta biyu. Hutu kuma bai samu ba, yau a ce ma'aikata sun yi kaɗan, gobe a ce sai an killace mutum in ya dawo.

Sai ga gasar cin kofin duniya a 2022. Aka ce ba mai shiga ƙasar sai da katin Hayya, katin kuma sai da tikitin wasa. Liatu da ba ta san yawan 'yan wasan da ke fili ba ta sayi tikiti biyu, na Baba da na Hananiya. Ta fito da jan littafin ta kakkaɓe. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta makon nan ba.

Da hantsi muka je filin jirgi. Wurin ya cika da 'yan kallo, ganguna da tutoci ko'ina. Can sai ga wani ma'aikaci yana turo tsoho a keken marasa lafiya, da baƙin tabarau, Hananiya na biye kansa a sunkuye. Liatu ta ɗaga hannu tana tsalle. Tsohon bai motsa ba. Ta yi kira, "Baba!" Ya juya da murmushi, amma gefen da ba ta nan ya kalla. Na ji ta kama hannuna ta matse har sai da ya yi zafi.

Da muka isa gida ta ja Hananiya kicin, ina jin su.

"Tun yaushe?"

"Yaya, tun lokacin korona ya fara cewa gefen idonsa na duhu. Bara ya rufe duka."

"Shekara biyu! Ni nas ce, Hananiya! Wa ya mutu da ba za ka gaya mini ba?"

"Baba ya hana. Ya ce kina tsakiyar annoba, in hankalinki ya rabu biyu za ki yi kuskure ki ɗauki ciwon. Ya sa na yi masa alkawari."

"Hotunan fa?"

"Ni nake gaya masa abin da ke ciki."

Washegari muka kai shi wurin Dakta Mas'udu, likitan ido ɗan Kano. Ya daɗe yana haskawa, sannan ya fito da mu waje. Hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu, ba aikin da zai dawo da ita. Liatu ta tambaye shi abin da ta riga ta sani. Ya ce, "Sista, da an fara ɗiga magani tun farko, da yana gani." Ƙaramar kwalba ce. Akwai ta a ɗakin magani da ke ƙasan ɗakin da muke aiki, kullum muna wucewa ta gabanta.

Kwana biyu Liatu ba ta ci abinci ba. Na tsinci jan littafin a kwandon shara, na ciro na ɓoye. Tikitin wasa ya tashi a banza, ba wanda ya ko ambace shi. Rana ta uku tsohon ya sa babbar rigarsa ya zauna a bakin gado ya ce, "Teku na zo, a kai ni."

An hana motoci bin Corniche saboda gasar, sai muka taka, yana riƙe da kafaɗarta, mutane suna ta busa da waƙa a gefenmu. Mai jirgin da ya shekara huɗu yana kiran mu ya ce, "Khalas, shi ke nan, yau dai kin yarda!" Da ya ga tsohon sai ya kama hannunsa ya shigar da shi. Jirgi ya tashi. Liatu ta fara bayani, ga benaye can, ga rana tana dukansu, ruwan kore-kore ne ba shuɗi ba.

Tsohon ya ja numfashi mai tsawo. "Liatu, haka yake wari kullum, ko na yau ne?"

Ta bar bayanin, ta juyo gare shi.

"Ban sani ba, Baba. Ba na jin wari, ba na jin ƙamshi. Korona ta kama ni a wancan lokacin, saura kaɗan na mutu."

Hannunsa ya lalubo fuskarta ya tsaya a kan kuncinta. "Kin ce mini lafiya lau."

"Kai ma haka ka ce mini, Baba."

Ya sauke hannun. Can ya roƙi a ɗebo masa ruwan. Mai jirgi ya zura guga ya jawo. Tsohon ya tsoma yatsa ya kai baki, ya gyaɗa kai. "Da gishiri. Ban yi wa yaran nan ƙarya ba."

A nan wayar Hananiya ta yi ƙara. Gwaggo Barira ce, ƙanwar tsohon, wadda ta daɗe a Legas, ita ma ba wanda ya gaya mata komai. Hananiya ya sa masa wayar a kunne, muna jin muryarta tana tambaya ya hanya, ya Liatu, ya ga tekun kuwa.

"Lafiya lau muke, Barira," in ji shi. "Na gani, ya yi kyau."

Liatu ta sa gyalenta ta toshe baki don kada gwaggon ta ji kukanta.